Alfarmar Shamuwa

A ƙarshen bazara, sa'ad da zafi ya kai iyaka, hadari ya fara taruwa a gabas, sai wata rana a wayi gari a ga shamuwa tsaye bisa tsamiyar ƙofar gari. Ba wanda ya ga zuwanta. Tsofaffi su ɗaga kai su dube ta, su ce ruwa ya yi kusa. Manomi ya shiga neman sungumi da fartanya, a buɗe rumbu a fid da iri. Daga ran nan har ranar da za ta tashi, ba mai jifarta, ba mai hawan itacen da ta yi sheƙa a kai. Yaron da ya fi kowa ƙiriniya a unguwa, wanda ba ya barin ko ƙadangare ya sha hantsi lafiya, in ya zo gindin itacen shamuwa sai ya sa gwafar danƙonsa a aljihu ya wuce.

Wannan al'ada ce mai kyau ƙwarai, mutanen da da suka kafa ta kuwa sun san abin da suka yi. Aibinta ɗaya ne, watau ta tsaya ga shamuwa. Kabare da cilakowa da zabuwar daji da gauraka duk a wannan lokaci suke gina sheƙa, su yi ƙwai, su yi reno, amma su ba wanda ya tsaya musu. Abin da ya kamata shi ne alfarmar nan da aka yi wa shamuwa ta game su, tun daga ruwan fari har a gama girbi. Gama tsuntsun da aka harbe da rani tsuntsu ɗaya aka rasa, amma wanda aka harbe da damina mai iyali ne, akwai bakuna a sheƙa suna jiran komowarsa.

Me ya sa yawancin tsuntsayen ƙasar Hausa suke jiran damina kafin su yi ƙwai? Saboda abinci ne. Ɗan tsuntsu yana da saurin girma, cikinsa kuwa ba ya iya niƙa busasshen tsaba. Ko tsuntsayen da suka saba cin ƙwayar ciyawa duk shekara, yawancinsu in sun ƙyanƙyashe da ƙwari suke ciyad da 'ya'yansu. To, ruwan fari shi ke fito da shinge daga suri, shi ke ƙyanƙyashe ƙwan fara da ke kwance cikin ƙasa tun bara, shi ke sa tsutsa ta cika ganye. Sa'an nan ga ɗanyar ciyawa ta saƙa sheƙa, ga duhuwar da za a ɓoye ta. Ba dukan tsuntsaye ke bin wannan hanya ba. Ungulu da rani take kwanci, kurciya kuma ba ta zaɓen lokaci. Amma mafi yawa damina suke jira.

Shamuwa ita ce ta fi kowa bin ruwa. In ta zo cikin watan Afrilu ko Mayu, sai ita da mijinta su tara ƙirare su gyara sheƙa a kan kuka ko tsamiya ko rimi, sau da yawa a tsakiyar gari. A lokacin nan fatar fuskarta takan yi shuɗi, da ɗan ja kusa da ido. Takan yi ƙwai 2 ko 3, su dinga kwanci bi da bi kamar kwana 30. In 'ya'yan sun fito sai sun yi kusan wata 2 kafin su iya tashi. Duk tsawon wannan lokaci iyayen suna cikin gonaki da makiyaya suna tsintar fara da tsutsa, su cika ciki, su komo su amayar wa 'ya'yan. Wanda ya tsaya ya kalli shamuwa 10 suna tafe a jere cikin saura, kowace tana sara dama da hagu, ya san manomi ya sami 'yan ƙodago waɗanda ba su tambayar lada.

In ruwa ya ɗauke a nan, sai su taru su yi sama, su nufi kudu maso gabas, su ƙetare tsakiyar Afirka, tafiyar da ta fi kilomita 3,000, har su kai Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe. Can kuwa a lokacin ne damina take farawa. Watau shamuwa ba ta san rani ba. Sai dai a can ci kawai take yi, ba ta yin ƙwai. Duk shamuwar da manomin Zimbabuwe ya gani a gonarsa, a wannan sashe na arewacin Afirka aka ƙyanƙyashe ta, wata a Damagaram, wata a Katsina, wata a Sudan.

Akwai kuma waɗansu tsuntsaye da suke yin irin wannan tafiya ta wata fuska. Su da ɗari suke zuwa, su cika fadamun Haɗeja da Nguru da bakin Tafkin Cadi, sa'an nan cikin watan Maris ko Afrilu su ƙetare Hamada su tafi Turai, inda lokacin ɗumi yake daidai da damina a nan, yini ya yi tsawo, ƙwari su yi yawa. A can suke nasu ƙwan. An daɗe Turawa ba su san inda tsuntsayensu suke zuwa ba in sanyi ya shigo. A shekarar 1822 aka harbo wata farar tsuntsuwa babba, 'yar'uwar shamuwa, kusa da wani gari a arewacin Jamus, aka tarar da wani dogon makami mai tsini irin na mutanen tsakiyar Afirka soke a wuyanta. Da shi ta yi tafiyar nan duka. Har yanzu gawarta tana ajiye a jami'ar birnin Rostock, makamin yana wuyanta.

A komo gida. Alamar farko da ke nuna lokacin aure ya yi ita ce sakin tufafi. Mulufi da rani ba wanda zai kula da shi, gama launinsa ƙasa-ƙasa ne kamar na matarsa. Da ciyawa ta yi tsawo sai ya sake gashi, ya zama ja wur da baƙi ƙirin, ya hau kan karan gamba ya kumbura kamar sabon hakimi ranar naɗi. Zalaidu kuma ya fid da wutsiya wadda ta ninka jikinsa, yana janta a sama da ƙyar. Balbela, wadda kowa ya san ta fara fat, sai ta yi jaja-jaja a ka da ƙirji da baya. Duk wannan ado na 'yan watanni ne, in an gama reno sai a tuɓe.

Amma ba wanda ya kai kabare shan wahalar neman aure. Namijin, mai baƙin kai da jiki ruwan ɗorawa da jan ido, shi ke saƙa sheƙa, macen ba ta sa baki sai an gama. Yakan sauka kan doguwar ciyawa ko ganyen giginya ko na dawa, ya ɗan tsaga gefen ganyen da baki, ya riƙe, ya tashi da shi, ganyen ya tsage siriri kamar zare. Ya kai bakin reshe, ya danne da ƙafa, ya ƙulla da baki. Da fari zobe yake yi, sa'an nan ya tsaya cikin zoben ya saƙa ɗaki ta gabansa, ya saƙa zaure ta bayansa, ƙofa tana duban ƙasa don ruwa kada ya shiga, maciji kuma ya sha wuya kafin ya sami hanya. Sheƙa ɗaya takan ci zare kamar 300, kowane kuwa sai da ya tashi ya je ya tsago shi. Duk da haka cikin yini guda yakan kusa gamawa.

In ya gama sai ya rataya a ƙarƙashin sheƙar, kai a ƙasa, yana kaɗa fukafukai yana tsuwa. Itace ɗaya yakan ɗauki sheƙa fiye da 100, to, in mace ta bayyana, duk mazan su ɗauki ihu gaba ɗaya, har mai barcin rana a gindin itacen ya tashi yana mita. Macen ta shiga ta duba, ta ja nan, ta taɓa can. In aikin ya gamshe ta, sai ta kawo taushin ciyawa da gashi ta shimfiɗa a ciki. In kuwa sheƙar ta bushe ba wadda ta karɓa, shi da kansa zai warware ta, ya zubar, ya soma wata a wurin. A damina ɗaya kabare yakan saƙa sheƙa kusan 20. Samarinsu ma ba a haife su da gwaninta cikakkiya ba. Sukan yi shekarar fari suna koyo, suna yin waɗansu sheƙuna barkatai, waɗanda ko iska ba su iya jurewa.

Macen takan yi ƙwai 2 ko 3, ta kwanta a kansu kamar mako 2, 'ya'yan kuma su yi kusan mako 3 kafin su fita. Yaro kuwa da gora ɗaya yakan kakkaɓo sheƙa 10 kafin a kira shi cin tuwo. Ƙwan bai kai kan babban yatsa ba, ba mai soya shi, 'ya'yan kuma tsirara suke, ba abin da za a ci a jikinsu. In ya gaji da wasa sai ya bar wa tururuwa. Da a ce yunwa ce ta sa shi, da sai a yi masa uzuri.

Sha'anin cilakowa ya fi wannan ban tausayi. Cilakowa mai jan baki a kogon itace take yin ƙwai. In ita da mijinta sun sami kogon da ya dace, sai su kawo laka su rage bakinsa. Macen ta shiga, sa'an nan daga ciki ta ƙarasa liƙe ƙofar da kashinta da ragowar abinci, har ba abin da ya saura sai 'yar tsaga wadda baki kawai zai wuce. Ta kulle kanta ke nan. A ciki take yin ƙwai, a ciki take kwanci kwana 24 ko kusa da haka, a ciki kuma take zubad da manyan gashin fukafukanta da na wutsiya, har ta zama ko an buɗe mata ba ta iya tashi. Biri da maciji da shaho su zo su duba, ba hanya, su wuce.

To, wa ke ciyad da ita? Mijin. Tun daga asuba har faɗuwar rana yana kai da kawowa, ya kawo fara, ya kawo ƙwaro, ya miƙa ta tsagar, ya koma. In ƙwan ya ƙyanƙyashe aikinsa ya ninku. Macen takan yi fiye da kwana 40 a kulle. Sai 'ya'yan sun yi kamar mako 3, wuri ya yi musu kaɗan, gashinta kuma ya tsiro, sa'an nan ta fasa ƙofar ta fito ta taya shi. Da fitarta 'ya'yan su sake liƙe ƙofar da kansu, ba wanda ya koya musu.

Cilakowa ba ta da wuyar harbi, gama a ƙasa take kiwo, ba ta cika gudun mutane ba. Yaron da ya sami ɗaya da dutse cikin watan Agusta ko Satumba yakan yi murna ya ce ya kashe tsuntsu guda. Bai sani ba watakila mijin ne, can cikin wani kogo kuwa akwai uwa marar fukafukai da 'ya'ya 3 ko 4 suna duban tsaga. Haka kuma mai yin itace da ya sare tsohon itace mai kogo da damina. Da ya kara kunne a jikinsa kafin ya ɗaga gatari, da ya ji motsi.

Masu kwasar ƙwai su kuma suna da tasu hujja, sukan ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Zabuwar daji takan yi ƙwai 6 zuwa 12 a ɗan rami cikin ciyawa, a daidai lokacin da ƙwan zabin gida yake cika tasha da kasuwa. Mai kiwo ko mai noma ya yi tuntuɓe da su, ya kwashe duka a hula. Amma karin maganar nan ba ta ce a cinye ƙwan duka ba. Ko matar da ta fi kowa son kuɗin ƙwai takan ware waɗansu ta sa wa kaza ta kwanta, domin ta san in ba haka ba baɗi akurki zai zama wofi. Daji kuwa ba shi da uwargida mai ware masa, sai dai wanda ya tsinta ya yi hankali.

Akwai wata magana mai nauyi wadda ba daidai ba ne a ɓoye ta. Tsuntsaye suna ɓarna. Kabaren nan gwanin saƙa yana tsage ganyen dawa, in hatsi ya yi ido kuma shi da mulufi suna cikin masu sauka a zangarniya. Jan baki ya fi su duka. Ba wani tsuntsun daji a duniya da ya kai shi yawa, har masana suna ƙiyasta shi da kamar biliyan 1.5. In ya taso daga wajen Tafkin Cadi sai a ce hayaƙi ne, in ya sauka a gonar gero ko ta shinkafa kuwa, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Haihuwarsa ma da gaggawa take, kwanci kwana 10 ne kawai, bayan kamar mako 2 kuma 'ya'yan sun tashi. Manomin da ya wuni yana ihu yana kaɗa gwangwani, yaron da aka hana shi zuwa makaranta don tsaron tsuntsu, ba wanda zai ce musu su ƙyale. Tsaron gona wajibi ne. Jan baki kuma sha'aninsa ya fi ƙarfin gwafar danƙo, shi ya sa hukuma take yaƙarsa da jiragen sama.

Sai dai korar tsuntsu daga gona daban, bin sa har sheƙa daban. An taɓa gwada na biyun a ƙasa guda, an ga ƙarshensa. A shekarar 1958 hukumar ƙasar Sin ta ba da umurni a hallaka gwara duka, don tana cin hatsi. Mutane suka fito ƙwansu da kwarkwatarsu, suna buga tukwane da ganguna, suna hana tsuntsayen sauka har su faɗo don gajiya. Aka rushe sheƙuna, aka farfasa ƙwai. Ba a daɗe ba sai fara da sauran ƙwari suka yi yawa a gonaki, gama an kashe mai cinsu. Masana suka nuna cewa gwara ba hatsi kaɗai take ci ba, tana cin ƙwari da yawa, tun ba lokacin reno ba. A 1960 aka janye umurnin. Shekarun nan, daga 1959 zuwa 1961, an yi yunwa mai tsanani a ƙasar, miliyoyin mutane suka mutu. Dalilan yunwar suna da yawa, ba kisan gwara kaɗai ba ne, amma ya ƙara wa wutar itace.

Wani zai ce ai tsuntsu ba ya ƙarewa. A tambayi tsofaffin Haɗeja da Borno labarin gauraka. Da can sukan gan shi garke-garke a fadama, da tukkunsa mai ruwan zinariya, miji da mata suna rawa, suna tsalle suna sunkuyar wa juna da kai. Cikin ciyawar fadama yake sheƙa da damina, kwanci kamar wata guda, 'ya'yan kuma su yi fiye da wata 2 suna bin iyaye a ƙasa kafin su iya tashi. A wannan lokaci ne akan bi su a kama, a kai birni a sayar wa masu hali su ajiye a tsakar gida don ado. Wanda aka tsare a gida kuwa da wuya ya haihu. Ba kamun kaɗai ya jawo ba, gama fari ya yi nasa, madatsun ruwa na Tiga, wanda aka gama a 1974, da na Challawa, a 1992, sun rage ambaliyar da ke cika fadamun. Amma yau gauraka ya kusa ƙarewa a dajin Nijeriya. Yara da yawa a ƙasar da ya yi suna ba su taɓa ganinsa ba sai a hoto ko a gidan ajiye namun daji. Shamuwa, wadda take kwana a kan mutane, tana nan. Gauraka, wanda ya fi ta kyau nesa, kyan nasa ne ya jawo masa.

Ɗan makaranta yana iya samun abin da ya fi nama a wurin sheƙa, in ya yarda ya zauna daga nesa ya yi shiru. Ya sami ɗan littafi ya rubuta ranar da ya fara ganin shamuwa, da ranar da aka yi ruwan shuka, ya ga kwana nawa ne tsakani. Baɗi ya sake. Ya ƙidaya sau nawa cilakowa take zuwa bakin kogo cikin sa'a guda. In ya tsinci ɗan tsuntsu tsirara a ƙasa, sheƙar kuwa tana inda hannu zai kai, ya mai da shi, gama zancen da ake yi cewa uwa takan ƙi ɗan da mutum ya taɓa ba haka yake ba ga yawancin tsuntsaye. In kuwa ɗan ya riga ya yi gashi yana tsalle, a bar shi inda yake, a kori kyanwa kawai. Koyon tashi yake yi, iyayensa suna kusa suna kallo.

Mai son sheƙar kabare a hannunsa kuma, ya dakata sai kaka. A lokacin nan masu ita sun watse, ba za su sake kwana cikinta ba, iskar hunturu ma takan kaɗo waɗansu ƙasa. Ya ɗauki ɗaya ya kai aji, a sa ta bisa tebur, a nemi inda aka fara zoben, sa'an nan a gwada zare ciyawar ɗaya bayan ɗaya ba tare da an tsinka ba, ana ƙidayawa.